Gado Ne Ko Ɗauka? Tarihin Wata Gardama Da Aka Yi A Kan Ɓera

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a bakin jama'a duk sa'ad da ciwo ya kwantar da wani: shin gado ne, ko kuwa ɗauka aka yi? Mu da muke tsayawa gaban allo a makarantun sakandare, mu ma da ita muke buɗe darasin cututtuka. Sai mu ja layi a tsakiyar allo, mu rubuta sikila a ɓangare guda mu ce wannan daga iyaye ake samunta, mu jera ƙyanda da tarin fuka a ɗaya ɓangaren mu ce waɗannan ɗaukarsu ake yi. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Layin nan yana da amfani, ba kuma cewa muka yi a goge shi ba. Sai dai akwai wata cuta da masana suka shafe kimanin shekara arba'in suna jayayya a kan ɓangaren da za a sa ta, har aka yi ɓatanci, aka zubar wa wasu mutunci, daga baya kuma ta bayyana cewa a bisa layin kansa take zaune. Wannan cuta ita ce sankarar kaluluwa da ta jini a jikin ɓerayen ɗakin bincike.

Mai karatu ya san kaluluwa. Idan mutum ya ji rauni a ƙafa, ya kan ji wani ɗan ƙullutu ya taso masa a matsematsi. Nan ne fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, suke taruwa su yi yaƙi da abin da ya shigo. To, idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta kama hayayyafa ba tsayawa, har zuriyarta ta cika kaluluwa da saifa da hanta, shi ne likitoci suke kira limfoma. Idan kuwa ta malala cikin jini sai su ce lukimiya. A jikin ɓera sau da yawa abu guda ne: ciwon ya faro daga ƙirji, sa'an nan ya bazu ko'ina.

Kaza ce ta fara magana

Tun kafin a zo kan ɓera, kaza ta riga ta ba da shaida, ba a saurare ta ba. A shekarar 1908 wasu masana biyu a ƙasar Danmak, Vilhelm Ellermann da Oluf Bang, suka ɗebi ruwan jikin kaza mai sankarar jini, suka tace shi da matacin da ko bakteriya ba ta iya wucewa ta cikinsa, balle ƙwayar halittar kaza, suka yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, kajin suka kamu. A 1911 Peyton Rous na Cibiyar Rockefeller a birnin New York ya yi irin wannan da wani ƙari da ya fito wa wata kaza a ƙirji. Ma'anar gwajin a fili take: akwai wani abu ƙanƙane ƙwarai, wanda muke kira bairos, da yake iya haddasa ciwon daji. Manyan masana na zamanin suka ɗaga kafaɗa. Wasu suka ce ai sankarar jini ba ciwon daji ba ne na sosai, wasu suka ce kaza tsuntsuwa ce, abin da ya same ta bai shafi masu shayarwa ba. Rous ya ajiye aikin na tsawon shekaru. Sai a 1966, yana da shekara 87, aka ba shi lambar Nobel a kan abin da ya gano shekara 55 da suka wuce.

Malamar da ta koma kiwon ɓera

A nan dole mu ɗan tsaya, domin labarin ya biyo ta kan wata abokiyar sana'armu. Abbie Lathrop malamar makaranta ce a Amurka, rashin lafiya ya raba ta da aji. A wajejen 1900 ta koma wani ƙauye mai suna Granby a jihar Massachusetts, ta gwada kiwon kaji bai karɓe ta ba, sai ta koma kiwon ɓeraye masu launi iri-iri, waɗanda a lokacin Turawa ke ajiyewa a gida don sha'awa. Ba da daɗewa ba jami'o'i suka fara yi mata oda. Da yake malama ce, ba ta bar rajista ba: kowane ɓera ta san uwarsa da ubansa da abin da ya kashe shi. Ta haka ta lura cewa wasu dangogin ɓerayenta sun fi wasu yawan fitar da ƙari. Ta haɗa kai da wani masani, Leo Loeb, suka buga maƙaloli da dama a kan haka kafin rasuwarta a 1918. Shahararren baƙin ɓeran nan mai suna C57BL, wanda ya cika ɗakunan bincike na duniya, daga wata macen ɓera mai lamba 57 ta gonar wannan malama aka samo tsatsonsa.

Wanda ya mai da wannan kiwo ya zama kimiyya shi ne Clarence Cook Little. Tun daga 1909 ya fara haɗa ɓera da 'yar'uwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yansu ma haka, jikoki ma haka. Idan aka yi wannan har hawa ashirin, sai dangin ya zama kusan kamar tagwaye, duk halittarsu guda. A 1929 ya kafa ɗakin bincike na Jackson a garin Bar Harbor, jihar Maine, wanda har yau yana cikin manyan kasuwannin ɓerayen bincike. Wani masani kuma ɗan asalin Hangari, Jacob Furth, ya bi wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1920, yana zaɓen ɓerayen da iyayensu suka mutu da sankarar jini, har ya samar da dangin da ya kira AK, wanda wani reshensa ya zama AKR. Waɗannan ɓeraye kan tashi lafiya lau, suna ci suna wasa, amma daga wata shida zuwa shekara guda mafi yawansu sai numfashi ya fara yi musu wuya, saifa ta kumbura, su mutu. Ga kuma wasu dangogin a keji na kusa, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, da ƙyar ake samun mai ciwon a cikinsu.

Wa zai ga wannan ya yi musun cewa gado ne? Ciwon ba ya tsallakawa daga keji zuwa keji. Yana bin jini ne daga iyaye zuwa 'ya'ya. Masu ra'ayin gado suka riƙe kujerun jami'o'i da asusun bincike, maganar bairos kuwa ta zama abin kunya, irin wadda ke hana mutum ƙarin girma. Har a cikin gidan Little aka sami ɓaraka: a 1936 John Bittner ya nuna cewa idan aka ɗauke jinjirayen ɓera daga uwa mai sankarar mama aka ba wata uwar ta shayar da su, akasari sun tsira, wato akwai abin da ke bin nono. Bittner bai kira shi bairos ba a lokacin, sai ya ce wani abu ne a cikin nono, an kuma ce tsoron rasa kuɗin bincike ne ya sa shi kaffa-kaffa da suna. Shi kuwa Little, imaninsa da gado ya kai shi inda bai kamata ba, don daga 1954 ya zama daraktan kimiyya na kwamitin bincike da kamfanonin taba suka kafa, ya yi shekaru yana cewa ba a tabbatar sigari na kawo ciwon daji ba.

Ludwik Gross

An haifi Ludwik Gross a birnin Krakow na ƙasar Polan a 1904. Ya karanta aikin likita a can, ya yi bincike a Cibiyar Pasteur da ke Paris, kuma da yake Bayahude ne, Yaƙin Duniya na Biyu ya kore shi har ya isa Amurka a 1940. Ya shiga sashen likitocin soja, daga nan aka tura shi asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a New York. Ba jami'a ba ce, ba kuma cibiyar bincike ba. Ɗan ɗaki aka ba shi, yana duba marasa lafiya, sauran lokacin ya duba ɓeraye. Ana ba da labarin cewa akwai sa'ad da a gwangwanaye yake ajiye su cikin but ɗin motarsa. 'Yan ɓerayen AK da ya fara da su ma daga hannun Furth ya samo su.

Tunanin Gross shi ne, abin da ake kira gado zai yiwu ƙwayar cuta ce da take sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya, ta kwanta shiru, sai lokacinta ya yi ta tashi. Ya yi shekaru yana niƙa saifa da kaluluwar ɓerayen AK masu ciwo, yana tacewa, yana yi wa ɓerayen dangin C3H allura, waɗanda ba su cika yin wannan ciwo ba. Shiru. Sai wata rana ya saurari laccar wani masani, Gilbert Dalldorf, a kan bairos ɗin Coxsackie, inda ya ji cewa wannan bairos ba ya kama babban ɓera, sai jinjiri sabon haihuwa. Gross ya koma ɗakinsa ya nemi jinjirayen da ba su wuce kwana guda a duniya ba, 'yan mitsi-mitsi, jajaye, ko gashi babu, ya yi musu allurar. Bayan watanni suka fara kamuwa da sankarar jini. Ya buga sakamakon a 1951. Dalilin da ya sa sai jinjiri, yanzu mun san shi: garkuwar jikinsa ba ta gama tsayuwa ba, saboda haka ba ta korar baƙon. Shekarun da Gross ya ɓata a baya, a kan manyan ɓeraye ya ɓata su.

Da mai karatu zai zaci an yi masa tafi. Ina! Waɗanda suka gwada maimaita aikin a manyan cibiyoyi ba su sami abin da ya samu ba, aka fara raɗe-raɗin ko dai matacinsa yana yoyo, ko bai san sankarar jini ba idan ya gan ta, ko ma abin da ya fi haka muni. Adalci ya sa mu ce masu shakkar suna da hujja, domin ƙa'idar kimiyya ita ce abin da wani bai iya maimaitawa ba, ba a karɓarsa. Amma akwai dalilai biyu da suka rikita lissafin, ba wanda ya san da su a lokacin. Na farko, ɓerayen C3H ɗin da ke hannun Gross wani reshe ne dabam da wanda ke hannun wasu masu gwajin. Suna ɗaya, amma karɓar cutarsu ba ɗaya ba. Na biyu, ruwan da yake tacewa ashe bairos biyu ne a cikinsa. Shi da kansa ya lura a 1953 cewa wasu ɓerayen ƙari suke fitarwa a gefen wuya, a mazaunin yawu, maimakon sankarar jini. Sarah Stewart ta Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ita ma wannan ƙarin ta yi ta samu, har daga baya ita da Bernice Eddy suka raino wannan bairos na biyu, aka sa masa suna poliyoma saboda yawan ire-iren ƙarin da yake kawowa. Sai a tsakiyar shekarun 1950 wasu suka tabbatar da maganar Gross, cikinsu har da Furth, mai ɓerayen, wanda maganarsa ke da nauyi. Gross ya sami lambar Lasker a 1974. Nobel kuwa ba ta zo ba.

Abin da ya sami Charlotte Friend ya nuna cewa ba halin Gross ne ya jawo masa ba, ra'ayin ne ba a so. Ita tana aiki ne a Cibiyar Sloan-Kettering a New York, ta kuma gano wani bairos da yake kumbura saifar babban ɓera cikin 'yan makonni, ba sai jinjiri ba. Da ta gabatar da aikin a taron ƙungiyar masu binciken ciwon daji ta Amurka a 1956, sai aka yi mata caa. Hujjar masu sukar ta kasance mai zagaye: idan bairos ne ya kawo shi, to ba ciwon daji ba ne; idan ciwon daji ne, to ba bairos ba ne. Ta tsaya a kan bakanta. Tsoho Rous, wanda ya ɗanɗani irin wannan tun 1911, yana cikin editocin mujallar da ta buga aikin a 1957. Bayan kimanin shekara ashirin, ita ce ta zama shugabar ƙungiyar da ta yi mata ihu.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Arnold Graffi a Jamus ta Gabas ya sami nasa, John Moloney a 1960, Frank Rauscher a 1962, kowane bairos da sunan mai shi. Wani sakamakon ma ya fi ɗaure kai: a 1959 Miriam Lieberman da Henry Kaplan na Jami'ar Stanford suka haska wa ɓerayen C57BL hasken hoton ƙashi har suka kamu da limfoma, sa'an nan suka ciro bairos daga cikin ƙarin. Ba wanda ya yi wa waɗannan ɓeraye allura. To daga ina bairos ɗin ya fito?

Kafin mu amsa, ga wata riba da aka tsinta a gefen hanya. A ƙirjin ɓera, da na mutum, bayan ƙashin ƙirji a saman zuciya, akwai wata 'yar tsoka da ake kira taimos. Tun 1944 Furth da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka cire ta daga ɓerayen AK, akasari ba sa yin ciwon, don a cikinta yake farawa. Amma amfaninta a jiki ba wanda ya sani. Da yawa sun ɗauka wata saura ce marar aiki. Wani matashi, Jacques Miller, yana karatun digirin digirgir a Landan a kan bairos ɗin Gross, sai ya ga tunda jinjiri ake yi wa allura, bari ya cire taimos ɗin tun ranar haihuwa. Ɓerayen suka rame, fararen ƙwayoyin jininsu suka yi ƙaranci, har aka dasa musu fatar wani ɓera jikinsu bai ƙi ta ba. Ya buga wannan a 1961. Ashe a nan ne wani babban rukuni na dakarun jiki yake samun horo, su ne ƙwayoyin T da muke koya wa 'yan aji shida, waɗanda kuma cutar ƙanjamau take karkashewa. Mai neman sanadin ciwon daji ya tsinci aikin wata gaɓa ta jiki.

Yadda aka raba gardama

Waɗannan bairos na kaza da na ɓera, saƙon halittarsu a rubuce yake da RNA, alhali kuwa littafin gadon dabba da DNA aka rubuta shi. Abin da aka sani a lokacin shi ne daga DNA ake kwafo RNA, ba a komawa baya. A 1964 Howard Temin na Jami'ar Wisconsin ya ce lalle wannan bairos yana kwafe kansa ya koma DNA, ya saƙa kansa cikin littafin gadon ƙwayar da ya shiga. Shi ma shekara shida ya yi ana yi masa kallon mai taurin kai. A 1970 shi da Satoshi Mizutani, da kuma David Baltimore a nasa ɗakin binciken dabam, suka gano sinadarin da ke yin wannan kwafi na komawa baya. Baltimore da bairos ɗin Rauscher na ɓera ya fara ganinsa. Daga nan aka sami sunan retirobairos, wato bairos mai komawa baya, aka kuma ba Temin da Baltimore lambar Nobel a 1975 tare da Renato Dulbecco.

To, idan bairos yana iya rubuta kansa cikin littafin gadon ƙwayar halitta, me zai faru idan ƙwayar da ya shiga ita ce ƙwan haihuwa ko maniyyi? Sai ɗan da aka haifa ya zo da shi a kowace ƙwaya ta jikinsa, ya kuma miƙa wa nasa 'ya'yan kamar yadda yake miƙa launin gashi. Wallace Rowe da Janet Hartley da abokan aikinsu a cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka su ne suka nuna haka a ɓerayen AKR. A 1971 suka ɗauki ƙwayoyin halittar AKR da ake rainonsu a kwalba, waɗanda ba sa fitar da bairos ko kaɗan, suka zuba musu wani sinadari, sai ga bairos yana fitowa. Bayan haka Rowe ya yi ta haɗa AKR da wasu dangogi yana ƙirga 'ya'ya da jikoki, ya ga bairos ɗin yana rabuwa a tsakaninsu daidai da ƙa'idar Mendel da muke zana wa yara da wake, har ya nuna mazauninsa a kan kuromosom. Furth, sa'ad da yake zaɓen ɓeraye masu ciwo, bai sani ba ashe bairos yake zaɓa. Masu cewa gado ne ba su yi ƙarya ba, masu cewa ƙwayar cuta ce su ma haka.

Wani abin dariya ya biyo baya a 1981. Nancy Jenkins da Neal Copeland suka gano cewa dusasshen launin gashin ɓerayen DBA, wato dangin farko da Little ya kafa a 1909, wani bairos ne na wannan iyali ya faɗa cikin ƙwayar gadon launi ya dusashe shi. Babban jagoran masu ra'ayin gado, alamar ɓeransa ta farko aikin bairos ce. Mu ma ba mu tsira ba: kimanin kashi 8 cikin 100 na littafin gadon ɗan Adam ragowar irin waɗannan bairos ne na dā can, sai dai namu sun lalace, ba sa tashi su yaɗu.

Saura tambaya guda. Idan ɓeran AKR da bairos ɗin aka haife shi, me ya sa sai ya yi wata shida ko fiye kafin ciwo ya bayyana? Amsar ta zo kashi-kashi. Bairos ɗin da ya gada yana fara yawo a jikinsa tun yana ƙarami, amma shi kaɗai ba shi da kaifi sosai. A 1977 Hartley da Rowe suka nuna cewa kafin ciwon ya fito, yakan yi musayar sassa da wasu ragowar bairos da ke kwance a jikin ɓeran, sai a sami sabon ruwa-biyu wanda ya ƙware wajen shiga ƙwayoyin taimos. Kowace ƙwaya ya shiga, sai ya saƙa kansa a wani wuri cikin littafin gadonta, kusan kamar jifa a duhu. Galibin wuraren ba su da illa. Amma a gefunan bairos ɗin akwai wani umurni mai ƙarfi da ke tilasta wa ƙwaya ta yi ta karanta abin da ke kusa. Idan tsautsayi ya sa ya sauka a maƙwabtan ƙwayar gadon da ke ba da izinin hayayyafa, sai ya zama kamar an ɗora dutse a kan totur. Aka fara ganin wannan a kaji a 1981, inda William Hayward da abokansa suka sami bairos zaune kusa da wata ƙwayar gado mai suna myc. A 1984 aka ga haka a limfomar ɓera, a kusa da myc ɗin, kuma ƙungiyar Anton Berns a ƙasar Holan ta gano wata sabuwa ta wannan hanya, suka kira ta pim-1. Jifa ɗaya ba ya isa, sai an sami biyu ko uku a ƙwaya guda. Watannin nan na shiru, lokacin da ake ta jifa ne har a dace, kuma duk ƙarin da ya kashe ɓeran, yawanci zuriyar ƙwaya ɗaya ce tak.

Me ɗan Adam ya samu?

Gwamnatin Amurka ta kafa shiri na musamman a 1964 don neman bairos ɗin sankarar jinin mutum, ta zuba kuɗi masu yawa, musamman bayan dokar yaƙi da ciwon daji da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1971. Fatan shi ne a sami bairos, a yi rigakafi, a huta. Wannan fata bai cika ba, domin yawancin sankarar jini da ta kaluluwa a jikin mutum ba retirobairos ke kawo su ba. An sami guda ɗaya a 1980 a ɗakin binciken Robert Gallo, mai suna HTLV-1, wanda ke haddasa wata sankarar jini ta manya da likitocin Japan suka bayyana a 1977. Dabarun da aka koya a wannan nema su ne suka sa aka iya gano bairos ɗin ƙanjamau a Paris a 1983, shekara biyu kacal bayan an fara ba da rahoton cutar.

Babbar ribar ta ɓullo ne ta wata kafa. Ƙwayoyin gadon da bairos yake tayarwa a jikin kaza da ɓera, mu ma muna da su, kuma su ne ke lalacewa a ciwon dajinmu ko babu bairos. Limfomar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya, wadda Denis Burkitt ya bayyana daga Yuganda a 1958, an gano a 1982 cewa myc ɗin nan ce ta bar mazauninta ta koma wani kuromosom inda ake yawan karanta ta. Haka kuma bairos ɗin da Herbert Abelson da Louise Rabstein suka samu a ɓera a 1970, wanda ya saci wata ƙwayar gado ya tafi da ita, aka sa mata suna abl. Ita ce aka tarar ta gurɓace a wata sankarar jini ta mutane, kuma maganin Gleevec da aka amince da shi a 2001 aikinta yake toshewa. Ko gwajin cutar korona da aka yi ta yi a 2020, sinadarin kwafin da ke cikin da yawa daga kayan gwajin daga bairos ɗin Moloney aka samo asalinsa.

Akwai kuma inda darasin ɓera ya dawo da zafi. Tunda wannan bairos gwani ne wajen saƙa kansa cikin littafin gado, sai masana suka ce bari a kwashe kayan cikinsa, a ɗora masa lafiyayyar ƙwayar gado, a aike shi ya kai wa marar lafiya. A 1999, shekarar da Gross ya rasu, likitoci a Paris ƙarƙashin Alain Fischer da Marina Cavazzana suka fara gwada haka a kan yara maza da aka haifa ba su da garkuwar jiki, waɗanda ƙaramin ciwo kan kashe su tun suna goye. Abin hawan da aka yi amfani da shi daga bairos ɗin Moloney aka ƙera shi. Aikin ya yi kyau, yaran suka sami ƙwayoyin T, suka koma gida. Aka yi irinsa a Landan. A 2002 yaro na farko ya kamu da sankarar jini. Cikin shekarun da suka biyo, shida daga cikin yara ashirin na Paris da Landan suka kamu, ɗaya ya rasu, sauran aka yi musu magani. Da aka bincika, sai aka tarar a yawancinsu abin hawan ya sauka ne kusa da wata ƙwayar gado mai suna LMO2, ya ɗora mata dutse a kan totur, daidai yadda kakansa yake yi a ƙirjin ɓera.

Jenkins da Copeland suka koma cikin rajistar da suka daɗe suna tarawa ta wuraren da bairos ya sauka a sankarar ɓeraye. A 2004 suka ba da rahoto cewa LMO2 tana cikin rajistar, har ma akwai wani ɓera da bairos ya sauka masa a wurare biyu, kusa da LMO2 da kuma kusa da ainihin ƙwayar gadon da aka ɗora wa yaran. Daga baya aka sake ƙera abin hawan, aka cire masa umurnin nan mai ƙarfi da ke gefunansa, aka gwada shi a jikin ɓeraye, sa'an nan aka koma kan yara, aka buga sakamakon farko a 2014.